Tambaya da Amsa: Amfilifayar hedifon mai mashigai da yawa, daidai da aljihu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Birni cikin gida mai yawan jama'a, saboda haka ba na kunna lasifika da dare. Ƙanena ya aiko mini da hedifon daga Faransa wanda aka rubuta om 250 a jikinsa, amma idan na jona shi da kwamfuta sautin ba ya fita sosai ko na ƙure maɓalli. Ina da kwamfuta, da talabijin mai dikoda, da kuma tsohuwar rediyo mai kaset wadda nake sauraron tafsirin da mahaifina ya bari da ita. Ina neman amfilifaya guda da zan jona ukun a jikinta, don in huta da cire waya da mayarwa. Abin da na tanada jaka 80 ne, wato sefa dubu 80. Wani mai shago ya nuna mini wata ƙarama mai ramuka huɗu, ya ce ita nake nema. Shin in saya?

Mai karatu, Birni, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya kuɗi tukuna, domin akwai alamar cewa abin da aka nuna maka kishiyar abin da kake nema ne. Ƙananan na'urori masu ramuka huɗu iri ɗaya a jere, irin su Behringer HA400 da masu kwaikwayonta, mashiga guda ke gare su, ramukan nan huɗu kuwa duk mafita ne. An yi su ne don mutum huɗu su saurari abu ɗaya, kai kuma mutum ɗaya ne mai son sauraron abu uku. Ka koma ka karanta abin da aka rubuta a gefen kowane rami, za ka ga wanda sauti ke shiga ta cikinsa da waɗanda yake fita.

Dalilin da ya sa hedifon ɗinka ba ya tashi a kwamfuta ba lalacewa ba ce. Lambar nan ta om tana nuna turjiyar da yake yi wa lantarkin da ke shiga cikinsa. Ƙananan abin kunne na salula yawanci om 16 zuwa 32 ne, shi ya sa kowace waya take iya juya su. Ramin sauti na kwamfutoci da yawa ba ya wuce bolt ɗaya ko kusa da haka, kuma bolt ɗaya a kan om 32 yana ba da miliwat 31, amma a kan om 250 miliwat 4 kawai yake bayarwa. Hedifon irin naka, kamar Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 ko Sennheiser HD 600 mai om 300, an ƙera su ne da tunanin za a jona su da kayan sauti masu isasshen bolt. Don haka buƙatarka ta amfilifaya gaskiya ce, kuma ka nemi wadda take da maɓallin zaɓen matakin ƙarfi, na ƙasa da na sama, domin wata rana za ka iya jona ƙaramin hedifon wanda matakin sama zai yi masa yawa.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ka duba bayan na'urorinka uku kafin ka duba kayan shago, domin yawan mashigai ba ya amfani idan ba irin waɗanda kake buƙata ba ne. Sauti yana fita daga na'ura ta hanya biyu. Akwai na analog, wanda ke bi ta ramukan RCA, ja da fari, ko ta ramin hedifon mai milimita 3.5, kuma shi amfilifaya kawai yake buƙata. Akwai kuma na dijital, wanda ke bi ta USB, ko ta wayar haske da ake kira Toslink, ko ta waya guda mai kama da RCA, kuma shi lambobi ne tsantsa da sai an mayar da su sauti da wani sashe mai suna DAC kafin amfilifaya ta iya ƙara musu ƙarfi. Kwamfutarka tana iya bayar da duka biyun. Talabijin na zamani sau da yawa wayar haske yake da ita, ko da yake dikodoji da yawa suna da RCA. Rediyon kaset kuwa analog kaɗai take fitarwa, kuma a nan ne masu saye da yawa suke yin asara, domin na'urori masu araha irin su Fosi Audio Q4, da ma masu ɗan tsada irin su Topping DX3 Pro+, ana tallata su da mashigai uku ko fiye, alhali dukkansu na dijital ne. Kayan kirki ne a aikinsu, amma babu inda za ka jona kaset ɗin mahaifinka a jikinsu.

Hanyoyi biyu nake ganin sun dace da kai. Ta farko ita ce na'ura guda mai haɗe da DAC da amfilifaya wadda kuma take da mashigar analog, kuma misalin da aka fi sani shi ne FiiO K5 Pro, mai USB da wayar haske da RCA, da matakan ƙarfi uku. Kwamfuta ta bi ta USB, talabijin ta wayar haske, rediyo ta RCA, ka zauna kana zaɓe da maɓalli. Matsalarta a wurinka ita ce farashi, domin ta fito ne a kan dalar Amurka 150, wanda a mafi yawan lokuta ya haura jaka 80 tun kafin a yi maganar sufuri da duwan. Idan ƙanenka zai iya samo wadda aka yi amfani da ita a can, lissafin ba shi da wuya, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato yuro 100 bai kai jaka 66 ba.

Hanya ta biyu, wadda ita nake ba ka shawara idan kuɗin ba zai ƙaru ba, ita ce amfilifayar analog mai kyau tare da ƙaramin akwatin zaɓe na RCA. Akwatin nan ba ya cin wuta, ba shi da tsada, yana da mashigai uku ko huɗu da mafita guda, kuma masu gyaran rediyo sun san shi. Da shi, ko amfilifaya mai mashiga guda za ta yi maka aikin uku. JDS Labs Atom, wadda ta fito a 2018 a kan dalar Amurka 99, tana da mashigai biyu a jikinta, RCA da milimita 3.5, da maɓallin sauyawa tsakaninsu, kuma tana juya om 250 ba tare da wahala ba. Na fi son kuɗinka ya tafi ga ingancin amfilifayar kanta, maimakon ka sayi mai ramuka barkatai wadda sautinta ke da ƙugi. Idan talabijin ɗinka wayar haske kaɗai yake da ita, akwai ƙananan DAC masu mayar da haske zuwa RCA, amma ka shiga saitin sauti na talabijin ka zaɓi PCM, in ba haka ba ko dai ka ji shiru ko ka ji shuu. Ita kuma rediyo, idan ramin hedifon kaɗai gare ta, ka sayi waya mai milimita 3.5 a kai ɗaya da RCA a ɗayan, ka bar maɓallinta a tsakiya. Ka sani cewa duk waɗannan zaɓe suke yi, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai son jin biyu tare, ƙaramar miksa yake buƙata.

Batun wuta ba abin wasa ba ne. Lantarkinmu bolt 220 ne, na Amurka kuwa 120. Wasu amfilifayoyi, har da Atom da Schiit Magni, suna zuwa da taransifoma mai nauyi wanda aka yi don wutar ƙasa guda, kuma idan ka sa na Amurka a bangon gidanka zai ƙone. Ka tabbatar an rubuta 230, ko kuma 100 zuwa 240, a jikin abin da ake sawa a bango, kuma ka jona shi ta na'urar daidaita wuta, ka cire shi idan an ɗauke wuta har sai ta dawo ta zauna. Idan ka jona dikoda da kwamfuta tare ka ji wani gunji yana bin sautin, yawanci wayar tauraron ɗan'adam ce take kawo shi, kuma wayar haske tana maganinsa domin babu lantarki a cikinta. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin murɗawa har ya riƙa ƙara idan an taɓa shi, zafin Afrilu da Mayu kuma yana wahalar da duk na'urar da aka rufe, saboda haka ka lulluɓe ta idan tana kashe, ka buɗe ta idan tana aiki.

Ko a Kasuwar Dole za ka saya ko a Sabon Garin Kano, ka tafi da hedifon ɗinka da wayoyinka, a gwada kowace mashiga a gabanka. Ka rage sauti can ƙasa ka ji ko kunne ɗaya ya fi ɗaya, sannan ka tsayar da abin da ake kunnawa ka ƙara maɓalli ka saurari shirun, domin a nan aibin na'ura yake bayyana. Kuma Malam, ka kula da kunnenka, tunda na'urar da ke juya om 250 tana da ƙarfin cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.

TAMBAYA: Muna naɗar shirye-shiryen wayar da kai mu huɗu a ɗaki ɗaya, kuma muna son kowa ya riƙa jin abin da ake naɗa. Miksarmu ramin hedifon ɗaya gare ta. Me za mu saya?

Mai karatu, Zango, Damagaram

AMSA: Ƴar'uwa, na'urar nan mai mafita huɗu da na hana Malam saye ita ce taku. Ku jona mashigarta da ramin hedifon na miksa da waya mai milimita 6.35 wadda kanta ke da zobe biyu, domin mai zobe ɗaya kunne guda kawai za ta ba ku. Kowane mutum yana da maɓallinsa, kuma HA400 bolt 12 take ci. Ku yi amfani da hedifon masu rufe kunne gaba ɗaya, waɗanda turjiyarsu ba ta wuce om 80 ba, don kada sautin ya zubo ya koma cikin makirufo.