Tambaya da Amsa: Kira na shiga ras, amma na intanet sai yankewa

Tambaya: Salam Malam, ni mazauniyar Makka ce wajen Shara Mansur, dan Allah wani abu ke ɗaure min kai, duk lokacin aikin hajji in na kira ƴata a Kano ta bidiyo sai hoto ya daskare murya kamar daga cikin rijiya, amma kiran layi na nan cikin gari ras yake shiga. Waifai ɗin gida ma bayan isha'i sai a hankali, yarona yace wai maƙwabta ne ke satar mana. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, a yi wa maƙwabta uzuri tukuna. Duk waya da rauta, wato na'urar da ke ba da waifai, a iska suke magana, kuma iskar nan da kike gani fili ce mai iyaka, hukumar sadarwa ta Saudiyya CST ita ke yanka ta tana ba STC da Mobily da Zain kowa da rabonsa da lasisi. Toh rabon nan ba ya ƙaruwa dan baƙi sun zo, a 2023 alhazai sun haura miliyan 1.8, kowa da waya a hannu yana son nuna wa ƴan gida Ka'aba, shi ya sa kamfanoni ke ƙara turaku na wucin gadi a Mina da Arfa.

Abun da ya fi muhimmanci shine turken ba ya ɗaukan kowa daidai. Kin san masu keken guragu a ɗawafi da nasu wajen, ba sa cuɗanya da turmutsutsun ƙasa, toh haka kiran layi yake a 4G, an ware masa matsayi ana fara sallamarsa, dan murya in ta makara fiye da kamar kashi ɗaya cikin shida na sakan kunne zai fara ji, sai ku dinga katse juna. Shi kuwa kiran manhaja galibi a matsayin data gama-gari yake tafiya, layinsa ɗaya da mai sauke fim da mai tura hotuna ɗari a guruf. Mai fim in an jinkirta shi sakan biyu bai ma sani ba, ke ce dai za ki ga fuskar ƴarki ta tsaya baki buɗe. Ni a ganina rabon ya yi adalci, ba zan so mai neman motar asibiti ya jira bayan mai kallon barkwanci ba.

Waifai kuma labarinsa daban, babu lasisi kowa shiga yake. A 2.4 GHz, wato wani yankin iskar da waifai ke bi, hanyoyi uku ne kacal ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, gidan haya mai rauta ashirin duk nan suke cunkushe, har Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ma a wajen suke, kuma kowace rauta sai ta saurara ta ji shiru kafin ta yi magana. Ki sa yaron ya koma da ku 5 GHz, wani yankin iskar mai hanyoyi da yawa, ya cire rautar daga bayan talabijin ya ɗora ta sama a falo. In za ku sayi sabuwa ku nemi mai Wi-Fi 6E, wato mai iya aiki a yankin 6 GHz, tun 2021 Saudiyya ta buɗe 6 GHz gaba ɗaya, fili mai faɗin MHz 1200, sai dai wayar ma dole ta zama mai ganinsa.

Ranakun hajji kuwa ki kashe bidiyon ki bar murya kawai, ko ki kira bayan asuba. Fasuwod ɗin waifai dai a canza shi, dan hankalin yaron ya kwanta.