Hilux ta 2012 ko ta 2018: wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ina neman a-kori-kura da zan riƙa ɗaukar kaya da ita, wani lokaci kuma iyali a doguwar tafiya. Na samu Hilux biyu masu ƙofa huɗu, duka na dizal: ta 2012 mai injin 3.0, da ta 2018 mai injin 2.8. Bakanikena ya rantse cewa tsohuwar ce mota, ƙarfenta na gaske ne, sabuwar kuwa gwangwani ce da kwamfuta, ana ɗan taɓa ta sai ta lotse. Har ya ce in na dage kan sabuwar zai cire mini sansoshin da ke yawan kunna fitilu. Hankalina bai kwanta ba, domin 'ya'yana za su shiga motar nan.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tunda ka ambaci 'ya'ya, sabuwar nake ba ka shawara, da sharuɗɗan da zan kawo. Bakaniken naka kuma kada ka bari ya taɓa ko waya ɗaya a jikinta.

Maganar kwamfuta ba ta da tushe. Injin 1KD-FTV da ke cikin ta 2012 shi ma kwamfuta ce ke ba nozul ɗinsa umarnin fesa mai, kamar dai 1GD-FTV na ta 2018. Masu kewar dizal mara kwamfuta suna tuna irin su 2L da 3L ne, waɗanda aka daɗe da wuce zamaninsu. Ta fuskar ƙarfi, 1KD na ba da doki 163 zuwa 171 gwargwadon kasuwar da aka yi wa motar, 1GD kuma 177, kuma yana da ƙarfin jan kaya fiye da na tsohon duk da ya fi shi ƙanƙanta. Tsohon yana da bel ɗin tayimin da ake canzawa a kilomita 150,000, sabon kuwa sarƙa gare shi.

Kowanne da ciwonsa. A 1KD washar da ke ƙarƙashin nozul kan fara yoyo, hayaƙi ya riƙa shiga baƙin mai, ya daskare ya toshe rariyar famfon mai, inji ya buga ba tare da dogon gargaɗi ba. A 1GD kuwa abin kula shi ne DPF, matatar toka da ke cikin salansa. Tana buƙatar zafi na kusan digiri 600 kafin ta ƙone abin da ta tara, kuma gajerun tafiye-tafiye ba sa ba ta wannan damar. A Ostireliya har kotu aka je, inda a 2022 kotun tarayya ta yanke cewa na'urar tana da aibi a Hilux da Prado da Fortuner sama da 260,000 da aka sayar daga Oktoban 2015 zuwa Afrilun 2020. Ba kowace kasuwa ake kai wa mai DPF ba, saboda haka a leƙa ƙarƙashi a gani. Idan tana da ita, sai dizal mai ƙarancin salfa da baƙin mai mai ƙarancin toka. In ba za ka samu waɗannan a kai a kai ba, nan ne kaɗai tsohuwar za ta iya yin gaba a lissafina.

Yanzu maganar “ƙarfe na gaske”, wadda na gaji da ji. Kusan kullum sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofar mota da yatsa, ya saurari ƙara, ya yanke hukunci cewa wannan ta fi tsaro. Kaurin ƙofa da bonet ba shi ke tsirar da rai ba. Lokacin karo, ƙarfin gudun motar dole ya tafi wani wuri. Ko dai gaban motar ya lotse ya shanye shi, ko ya wuce kai tsaye zuwa ƙirji da wuyan waɗanda ke ciki. Wanda ya faɗo kan katifa da wanda ya faɗo kan siminti daga bene ɗaya suka faɗo, abin da ya bambanta su shi ne yadda aka tsayar da su. Da gangan injiniyoyi ke ƙera gaban mota ya naɗe, su kuma zuba ƙarfe mai tsananin tauri a ɗakin da mutane ke zaune. Ka tuna kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karon ninki huɗu yake yi.

A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin tsaron motoci, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, mai ƙarfen da ake yabo, ita ce ɗakin direbanta ya ruguje, sitiyari ya nufo fuskar mutum-mutumin gwaji. Ɗakin sabuwar ya tsaya da siffarsa. Tazarar 2012 da 2018 ba ta kai wannan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Kuma duka Hilux ɗin biyu a kan shasi mai siffar tsani suke zaune, ba wadda aka yi da takarda. Bakanike motar da aka janyo masa gareji yake gani, ya ce “dubi, ko lotsewa ba ta yi ba.” Ba ya bin mutanen ciki asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tayin cire sansoshi. A-kori-kura doguwa ce, nauyinta yana sama, bayanta kuma ba nauyi in ba kaya. Kauce wa wani abu a guje na iya sa bayan ya zame ko motar ta kife. VSC, na'urar hana mota zamewa, ita ce ke gane haka, ta taka birkin taya ɗaya-ɗaya kafin direba ya ankara. Binciken IIHS ya nuna irin wannan na'ura na rage haɗarin mutuwa a hatsarin mota ita kaɗai da kusan rabi, shi ya sa Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Ko sabuwar Hilux ɗin sai da ta ɗaga tayoyi biyu a gwajin kauce-hanya na mujallar Teknikens Värld ta Suwidin a 2016, kuma gyaran da Toyota ta yi ya haɗa da sake saita VSC ɗin. To in sansoshin taya ne ake son cire maka, su ne idanun ABS (mai hana taya ƙamewa in an taka birki) da VSC baki ɗaya. Ana cire ɗaya, duka biyun sun mutu. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, ƙwan fitilar gargaɗin suke cirewa ko su liƙe shi da baƙin tef, mai mota ya tafi yana godiya. Wannan aikin baragurbi ne, kuma wanda bai da na'urar karanta kwamfutar mota ya faɗi gaskiya ya ce ba shi da ita.

Shekara kaɗai ba ta isa shaida ba, domin akwai ƙananan samfura da aka rage musu kayan tsaro. Ka ƙirga jakunkunan iska da idonka, ka nemi maɓallin VSC. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba: fitilun ABS, VSC da jakar iska su kama duka, sannan su mutu da kansu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, an yi mata aika-aika. A ɗaga motar a duba shasi, ko akwai tsatsa mai cin ƙarfe ko walda a inda kamfani bai yi ba. Shasin da ya taɓa lanƙwashewa aka miƙar da shi da wuta, ka bar musu kayansu ko ta wace shekara ce. Idan kuma ta 2012 ka ƙare da ɗauka, ka ba wakilin Toyota lambar shasinta ya duba ko tana cikin waɗanda aka kira a mayar don gyara saboda aibin jakar iska ta kamfanin Takata, sannan a kwance kwanon baƙin mai a duba rariyar nan kafin ka biya.