Zuwa Kano da Jariri Ɗan Wata 4

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya kai ɗanki mai wata 4 gaida kakanninsa a Kano daga nan Kaduna. Za ki iya, amma ki yi sammako zuwa tashar Kawo domin ku isa kafin rana ta take, kuma idan da hali ki biya kuɗin kujera biyu, saboda matsi da zafin mota ne suka fi galabaitar da jariri. Tun da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko da dangi sun matsa a ba shi ruwa ko jiƙo. Ki tafi da katin rigakafinsa da gidan sauro. Idan ya kwana da zazzaɓi, a ɗage tafiyar, a kai shi asibiti.