Bidiyon ɗan takara: gaskiya ne ko haɗi?

Ɗan'uwa, ka ce an turo maka bidiyon wani ɗan takara yana wata magana mai tayar da hankali, kana neman sanin gaskiyarsa. Fara da ɗaukar hoton allo daga bidiyon, ka sa a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa tsohon abu ne aka sake wa riga, wani lokacin ma daga wata ƙasa. Sannan ka nemo cikakken jawabin, domin yanko daƙiƙa 20 daga tsakiya kan juya ma'ana gaba ɗaya. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarkon. Kibiyoyin nan biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa kuwa yawo kawai suke nunawa, ba sahihanci ba. In kana zargin muryar kwamfuta ce, kunne kaɗai ba zai gane ba, tura wa ƙungiyoyin binciken gaskiyar labarai irin su Africa Check ko Dubawa.