Fita da kare cikin ruwan sama: yaya zan kare ɗana daga sanyi?

Tambaya: Muna zaune a Mancesta, Ingila. Safe da yamma nake fita da karenmu tare da ɗana mai shekara 3, kullum sai ya dawo yana kyarma. Me zan yi?

Amsa: Baiwar Allah, ki sa masa kaya hawa uku. Na jikin fata ya zama na ulu ko polista. Ki guji auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, sai ta sanyaya jiki. A kai suwaita, sannan rigar ruwa da wandonta.

Takalmin roba ruwa kawai yake tarewa, ba ya ɗumi. Ki sayi wanda ya ɗan fi ƙafarsa, ki haɗa da safar ulu. Idan ya matse, jini ba ya gudana sosai, yatsu su ƙanƙare. Hula ta rufe kunne, ki riƙe safar hannu ta canji a jaka.

In a keken turawa yake, ki ƙara bargo, tunda ke ce ke motsi, shi yana zaune. Ki taɓa ƙeyarsa ki ji ɗuminsa, taɓa hannunsa kan yaudara. Minti 20 zuwa 30 a waje ya isa. Da ya fara kyarma ko leɓe ya yi shuɗi, ku koma gida, ki cire jiƙaƙƙun kayan nan take.