Gyaran fuskar manhajar kiɗa a kwamfuta: amsa ga mai sa kiɗan biki daga Aboabo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata sa kiɗa a wuraren aure da suna a nan Aboabo da Asawase, Kumasi. Tsohuwar laftop nake da ita mai Windows 10, kuma da VLC nake aiki. Na ga allon wani abokin sana'ata baƙi wuluk, ga hotunan mawaƙa, ga wasu sanduna suna rawa da kiɗan. Ina so nawa ya koma haka. Sannan rubutun ƙanana ne, ba na ganinsu da rana a ƙarƙashin rumfa, kuma wata waƙar takan fi wata ƙara. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sandunan nan masu rawa za ka same su, ba su da wuya, amma su zan bar maka a ƙarshe. Abin da zai fitar da kai kunya a gaban dangin amarya shi ne ka ga sunan waƙa daga inda kake tsaye, ka lalubo ta kafin mai liƙi ya mayar da kuɗinsa aljihu.

VLC gwani ne wajen buɗe kowane irin fayil, kuma yana karɓar riguna, wato fayilolin .vlt masu sauya masa kama. Sai dai ba a gina shi don riƙe dubban waƙoƙi ba. Tun zamanin Winamp, da ya fito a 1997, mutane suka saba da cewa gyaran manhajar kiɗa shi ne sauya mata riga. Ga mai aiki irin naka na fi son foobar2000, wadda Peter Pawłowski ya fitar a 2002. Kyauta ce, ba ta da nauyi ga tsohuwar na'ura. MusicBee da AIMP sun fi ta kyan gani daga buɗewar farko, amma ita ce ke barin ka dasa kowane ɓangare inda hannunka ya saba.

Wajen saka ta, zaɓi Portable, ka ajiye ta a fulash ko a wata folda ta daban. Duk gyaran da ka yi a can zai zauna, in laftop ta ba ka matsala ranar biki sai ka soka fulash ɗin a ta aro ka ci gaba.

Yanzu fuskar. Shiga View, sai Layout, sai Quick Setup, ka ɗauki tsarin da ke da jerin mawaƙa a hagu, jerin waƙoƙi a dama. In bai yi maka ba, a nan ƙarƙashin Layout ɗin akwai Enable Layout Editing Mode. Da ka kunna shi, danna dama a kan kowane yanki, za ka iya raba shi gida biyu, ka cire abin da ke ciki ko ka musanya shi. Yankin hoton mawaƙi sunansa Album Art Viewer, sandunanka kuma Spectrum. Ba su ɗan lungu a ƙasa, kada su cinye maka wurin jerin waƙoƙi. In ka gama ka tuna ka kashe Layout Editing Mode ɗin, don muddin yana kunne danna dama ba zai yi aikinsa na kullum ba.

Maganar baƙin allo kuwa, a nan ba na tare da abokinka. Juyi na 2.0 na foobar2000 da ya fito a 2023 ya zo da baƙin allo, kuma da dare yana da daɗin kallo. Amma da azahar a ƙarƙashin rumfa, allon sai ya zame maka madubi, fuskarka za ka riƙa gani da kujerun roba da ke bayanka. Farin allo da baƙin rubutu ya fi. Je ka File, Preferences, Display, Default User Interface, Colors and Fonts, ka kai girman rubutun jerin waƙoƙi 14 ko 16. Ka yi tsari biyu, na rana da na dare, ka adana kowanne da Export Theme.

Ga inda yawancin mutane ke gajiya. Manhajar ba ta san waƙa da kunne ba, bayanan da aka rubuta a cikin fayil take karantawa: mawaƙi, suna, nau'i. Waƙar da aka turo maka ta WhatsApp da suna irin AUD-20240312-WA0007, ko ka sa mata rigar zinariya haka za ta bayyana, da alamar tambaya a gurbin mawaƙi. Zaɓi waƙoƙin mutum ɗaya gaba ɗaya, danna dama, Properties, ka rubuta sunansa sau ɗaya a Artist, duk za su ɗauka. Ka kuma tsaya a kan rubutu ɗaya: in ka sa Ɗan a wata, Dan a wata, manhajar mawaƙa biyu za ta lissafa maka. Gurbin Genre kuwa ka cika shi da yaren aikinka, ba dole sai abin da Turawa suka tsara ba: amarya, suna, ƙasida, simpa, highlife, iyaye mata. Daga nan buɗe Library, Search, rubuta genre HAS amarya, ka zaɓi Create Autoplaylist. Duk sabuwar waƙar da ka yi wa wannan lakabi za ta shiga jerin da kanta, matuƙar ka nuna wa manhajar foldar waƙoƙinka a Media Library. Aikin 'yan kwanaki ne, ka riƙa yinsa kaɗan kaɗan bayan isha'i.

Bambancin ƙara maganinsa ReplayGain, dabarar da David Robinson ya kawo a 2001. Zaɓi duk waƙoƙin, danna dama, ReplayGain, Scan per-file track gain, sannan Update File Tags. Tana auna ƙarfin kowace waƙa ta rubuta adadin a jikin fayil, ba ta taɓa sautin kansa. A Preferences, Playback, sa Source mode a kan track. Za ka ji ƙarar ta ɗan ragu gaba ɗaya. Ƙaro ta daga mikisa, kada ka matsa wa laftop.

Abu ɗaya da duk mai sa kiɗa a Zango ke buƙata: maɓallin tsayarwa. A Keyboard Shortcuts ka ɗaura Play or Pause a kan maɓallin da ba ka amfani da shi, ka yi alama a Global hotkey, don ya yi aiki ko kana cikin wata manhajar. Ladan na ɗaga murya, yatsa ɗaya ya isa. In kuma ka ga lokacin sallah ya gabato, kunna Stop After Current a ƙarƙashin Playback, waƙar ta ƙare ta yi shiru da kanta.

Ƙarin kayan da ake ɗora mata, irin su Columns UI, daga shafin foobar2000 kaɗai za ka ɗauko su, kuma ka duba: na 32-bit ba ya aiki a juyin 64-bit. Sannan da ka gama gyara, rufe manhajar ka sake buɗe ta kafin dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya riga ka, musamman in batirin laftop ɗin ya mutu, domin tsofaffin juyi sai a lokacin rufewa suke adana abin da ka sauya.