Amsa ga 'yar'uwar da aka sallamo mahaifiyarta daga asibiti

Assalamu alaikum. Ina amsa wa baiwar Allah daga Daura da ta rubuto jiya cewa sankarar mama da ke damun mahaifiyarsu ta bazu har ƙashi, likita ya ce su koma gida a ci gaba da kulawar rage raɗaɗi, yayyenta maza kuwa sun ce gazawa ce kawai ta likitoci, a sayar da gona a fita da ita Masar. Ta tambaya ko komawa gida cire rai ne, kuma ko gaskiya ne morfin ɗin da aka rubuta musu, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, yana gaggauta mutuwa.

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, koyarwa nake yi a firamare nan cikin Katsina. Amma na yi jinyar Innarmu wata bakwai a ɗakinta a Rafindadi, ita sankarar bakin mahaifa ce, har Allah Ya karɓi abarSa a hannuna.

Bari in fara da morfin, don a nan muka fi cutar da ita, kuma da hannunmu. Ranar da aka sallame mu an ba mu kwalbar ruwan maganin da sirinji marar allura. Muna isowa gida wata gwaggonmu ta ce wannan ai kayan 'yan shaye-shaye ne, wanda aka fara ba shi ba ya tashi. Sai muka ɗora kwalbar kan sif, muka koma kemis muna sayo farasitamol da daikulofenak. Sati ukku muka yi a haka. Inna mace ce mai kunya da dauriya, ba ta taɓa yin kuka gaban surukanta ba. Wani dare na farka wajen ƙarfe biyu na ga ta cusa bakin zanenta a baki tana cizo don kada mu ji nishinta, zufa ta jiƙe matashin sharkaf. Har yau in na tuna daren nan abinci fita kaina yake yi.

Da safe na kira wata nas maƙwabciyarmu. Ta yi mini faɗa sosai, kuma na cancanta. Ta ce morfin in an ba da shi a ma'aunin da likita ya rubuta ba ya kashe mutum. Abin da ya sa mutane ke zarginsa shi ne ba a yarda a ba majinyaci sai yana gargara, in ya cika sai a ce maganin ne. Ta ce na ruwan ana ba da shi duk bayan awa 4, a bi agogo, ba sai ciwon ya taso ba. Muka sami littafi muna rubuta lokaci. Kwana biyu na farko Inna ta yi ta barci har na tsorata, a na ukku ta buɗe ido ta ce a dama mata kunun tsamiya, ta yi sallar azahar a zaune. Abu ɗaya da ba ya sakin mai shan sa shi ne taurin bayan gida, don haka ki sa likita ya haɗa muku da mai sassauta ciki tun ranar farko. Kada ku ƙara ko ku rage da kanku. Kuma ki kulle kwalbar a akwati, kin dai san halin da samarinmu suke ciki da taramol da kodin.

Batun cire rai kuwa, a'a. Kulawar rage raɗaɗi reshe ce ta aikin likita mai zaman kanta. Wata Baturiya, Cicely Saunders, ita ta kafa gidan jinya na zamani na farko don masu irin wannan ciwo a Landan a 1967, kuma ita ta dage cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ba na jiki ba ne kawai, akwai na zuciya, da na tunanin iyali, da na tsoron haɗuwa da Ubangiji. A Afirka Dakta Anne Merriman ta fara irin aikin a Yuganda a 1993, da wannan morfin na ruwa mai araha, suna bin marasa lafiya har gida. A nan ƙasar asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu bukatar wannan kulawa kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. Mu nan gidan jinyar shi ne ɗakin uwa, ma'aikatan su ne ni da ke, shi ya sa dole mu koya.

Yayyenki kada ki ga laifinsu, so ne, da kuma tsoron kada gobe a ce sun zuba ido. Mu ma babban yayanmu har ya sa fili a kasuwa. Shawarata, kafin a ɗaga Hajiya ko'ina, a kwashi takardun gwaji da hotunan a kai wa wani likitan sankara a asibitin Shika da ke Zariya ko asibitin Malam Aminu Kano, a tambaye shi kai tsaye: in an fita da ita warkewa ake sa rai, ko ƙarin kwanaki cikin wahalar tafiya? A tambaya kuma ko gashin da ake yi da na'ura a asibiti zai amfane ta, don ciwon ƙashi irin nata akan gasa wurin ya lafa ko da ba a neman warkewa. In likitoci biyu sun faɗi magana ɗaya, kuɗin gonar sun fi amfani a katifa mai kyau, da famfas na manya, da magani, da mai taya ku kwana.

Amma akwai wadda ba ki ambaci ra'ayinta ba ko sau ɗaya a rubutunki: ita Hajiyar. An tambaye ta? Mu wata huɗu muka yi muna ɓoye wa Inna, kullum "likita ya ce da sauƙi". Wata ranar ina shafa mata man zaitun a ƙafa ta dube ni ta ce, "Ke, jikin nan nawa ne fa. Kun ɗauka ban sani ba?" Ashe ita ma ɓoye mana take yi don kada hankalinmu ya tashi. Daga ranar ta fara sauke kayan da ke ranta. Ta lissafa mini zubin adashi biyu da ake bin ta, da kuɗin atamfa na wata dillaliya. Ta ce a kira mata ƙanwarta daga Mani, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda rabon gado. Suka rufe ƙofa tun bayan la'asar har magariba, da muka shiga muka tarar ƙanwar na tsefe mata kai. Da mun ci gaba da ƙaryar "da sauƙi", da bashin nan da gabar nan za ta tafi. Ba cewa na yi ki je ki zazzage mata komai ba. Zauna kusa da ita ki ce, "Hajiya, ke me kike gani game da jikin nan?" sai ki yi shiru. Iya abin da take son sani za ta tambaya.

Sauran na yau da kullum ne. In ta kai ba ta iya juyawa, a riƙa juya ta duk awa 2, ana duba ƙugu da diddige da gadon baya, don gyambon kwanciya da ja yake farawa. In miki ya fara wari, likita kan ce a niƙa Flagyl a barbaɗa; ya fi turaren wuta aiki nesa ba kusa ba. Kada a yi mata ɗura. Mun sha rigima da dangi a kan wannan, ana cewa muna barin ta da yunwa, alhali ciwon ne ke ɗauke sha'awar abinci, ɗurar kuma shaƙe ta take yi. Cokali biyu na farau-farau in ta so, da jiƙa mata leɓe da auduga, sun wadatar. Tofi da zamzam ba mu fasa ba, amma duk mai tallan maganin da ya ce a jingine na asibiti, ki sallame shi daga zaure.

'Yan dubiya Allah Ya ba su lada, sai dai mata goma a ɗaki ɗaya suna labarin wance da ta mutu da irin ciwon, wannan ba dubiya ba ce. Mun sa lokaci bayan la'asar, aka yi ta ƙorafi, daga baya aka saba. Ke ma ki raba kwana da 'yan'uwanki. Ni sai da na faɗi a makewayi don rashin barci sannan aka yarda ni ma mutum ce.

Kwanakin ƙarshe barci zai yawaita, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa yankewa yana dawowa, wataƙila ki ji kakari a maƙogwaro. Nas ta ce mu ya fi damu, ba ita ba. A kwantar da ita ta gefe kawai. Kalmar shahada a hankali ake faɗin ta kusa da kunne, ba a matsa mata sai ta maimaita ba. Inna ta cika ranar wata Laraba bayan asuba, ƙanwar nan tata na riƙe da hannunta. Bayan sadakar ukku na ɗauki sauran morfin ɗin da littafin lokutan na mayar wa masu ba da magani a asibiti.